Agogon Baba a Cikin Leda

Ranar da Auta ta fara ganinsa ko ɗago kai bai yi ya kalle ta ba, har yau kuma idan zancen ya tashi sai ta goranta masa.

Ɗakin gyara na gidan adana kayan tarihi ta shiga, riƙe da 'yar takarda a naɗe. Ɗakin dogo ne mai taga ɗaya, teburansa cike da burushi da ƙananan kwalabe. A kusurwa an ɗaure dogayen tukwanen gas da sarƙa jikin bango, a ƙasa kuma ga manyan ledoji a kumbure, ana hango kujera cikin wata, akwati cikin wata. Wani saurayi na sunkuye bisa tebur.

Ta yi sallama, ya amsa idonsa na kan aiki. Ta warware takardar ta tura gabansa.

"Wannan garin nake sharewa kullum a ƙarƙashin agogon babana."

Ya murza garin tsakanin yatsunsa. "Ƙwarin katako ne, tsutsarsu na ciki tana ci. Akwai 'yan ramuka kamar an soka allura?"

"Sun fi a ƙirga."

Ba don shi ta yi kwalliya ba, amma dai ai mutum ya fi garin katako abin kallo. Haushi ya fara kama ta.

Ya ci gaba da bayani a sanyaye. Za a sa agogon cikin leda mai kauri a liƙe ta ruf, a kori iskar ciki a maye gurbinta da wani gas mai suna argon. Shi ba guba ba ne, oksijin kawai zai hana ƙwarin, su mutu har da ƙwansu cikin kamar wata guda. "Shi argon wani irin gas ne da..."

"Lambarsa goma sha takwas a jadawalin sinadarai," ta katse shi. "Ba launi, ba wari, ba ya kama wuta, ya fi iska nauyi. Zagayensa na waje cike yake da elektron takwas, shi ya sa ba ya neman komai wurin kowa, ba ya haɗuwa da kowa. Kimiyyar sinadarai nake koyarwa, malam. Wannan darasin jiya na yi wa ɗalibaina shi."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya kalle ta, ya ƙara kallo, burushin hannunsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

Da suka yi musayar lamba, a wayarta Argon ta rubuta a matsayin sunansa. A baki kuwa Malam Shiru take kiransa.

Soyayyarsu ta tashi ne kamar yadda ruwa ke cika bokiti da ɗigo. Auta ta rubuta saƙo mai layi goma, ya amsa da kalma uku. Wata rana bayan an tashi makaranta ta gaji ta tura masa:

"Ka san ma'anar sunan gas ɗinka a harshen da aka aro shi? Malalaci. Wallahi sun san da zuwanka suka raɗa."

Amsa ba ta zo ba sai da ta isa gida:

"Gaskiya ne, Malamata. Amma duk numfashin da kika ja akwai shi a ciki, kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Ba ya magana ne kawai."

Ta karanta sau uku tana murmushi, sannan ta ji haushin kanta, wai a ce wannan ɗan guntun saƙo ne ya hana ta cire takalmi.

Matsalar tana gida. Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai tsare lokaci da tsare gida. Tun rasuwar Umma, yayyen Auta duk sun yi aure sun watse, daga shi sai ita. Agogon yana bisa tebur a ɗakinsa, na katako mai duhu, da ƙofar gilashi da ƙarfen lilo a ciki. Kowace safiya kafin ya sha shayi sai ya buɗe gilashin ya murɗa makullin, duk da cewa murɗawa ɗaya tana kai shi mako. Auta ta ɗauki abin cikin halayen tsufa.

Ranar da Malam Shiru ya zo da kayansa, ya gaida Baba da ladabi har ƙasa. Ya buɗe tagogi, ya ce kada a yi aikin argon a rufaffen ɗaki, don yana kwantawa ƙasa ya kore iskar da mutum ke shaƙa ba tare da an ji komai ba. Baba ya gyaɗa kai, da alama tsarin yaron ya burge shi. Sai Malam Shiru ya buɗe gilashin, ya sa yatsa ɗaya ya tsayar da lilon.

Ɗakin ya yi tsit. Fuskar Baba ta canza, amma Auta na can tana riƙe bakin leda, shi kuma saurayin yana haɗa tiyo.

Ya liƙe ledar da ƙarfe mai zafi, ya nuna musu wata 'yar ƙwaya da ya manna a ciki. "Idan ta zama ruwan hoda, babu oksijin. Idan ta koma shuɗiya, iska ta shiga, aiki ya koma farko. Abu ɗaya nake roƙo, Baba, kada a buɗe."

Baba ya kau da kai. Bayan tafiyarsa ya dubi Auta ya ce, "Wannan ne wanda kike ta yi wa dariya a waya? Bai yi mini ba."

"Baba, me ya yi?"

"Bai yi mini ba, na ce." Daga ranar ya fara kulle ɗakinsa.

Kamar jira ake, sai ga Mai Feshi. Ɗan abokin Baba ne, yana da kamfanin kashe ƙwari da mota mai hoton kyankyaso a jiki, ya kuma daɗe yana zagaye gidan. Mutum ne da idan ya fara magana sai ka nemi wurin zama.

"Wata guda, Baba? Don ƙwaro? Ni minti goma, fesss, an gama! Gimbiya, ke da kanki kika yarda aka sa agogon Baba a leda kamar burodi?"

"Feshinka saman katako zai jiƙa, tsutsar tana can ciki," in ji Auta. "Kuma sunana ba Gimbiya ba."

Malam Shiru yakan zo duba aikin da hantsi, lokacin Auta na makaranta, don haka labari daga bakin Baba take ji. Zuwan farko, ƙwaya ta koma shuɗiya. Ya sake cika ledar, ya liƙe, ya tafi. Zuwa na biyu ma shuɗiya. Wata guda ya wuce, garin katako na ƙara taruwa a gindin ledar.

"Yaron nan bai iya aikinsa ba," Baba ya faɗa a kan abinci. "Wanda ya kasa riƙe iska a leda, shi zan ba wa 'yata ya riƙe? Ranar Asabar ɗan abokina zai zo ya fesa. Maganarsa ta neman aurenki ma ina duba ta."

Cokalin Auta ya tsaya a hanya. Ba tilasta ta Baba zai yi ba, ta sani. Amma ta kuma san kanta, ba za ta iya barin gidan nan ba tare da albarkarsa ba. Ta shige ɗaki ta rubuta wa Malam Shiru:

"Malalacina, me ke faruwa da ledar nan? Baba ya ce ba ka iya aiki ba. Asabar zai ba Mai Feshi agogon, kuma da alama har da ni za a haɗa. Don Allah ka ce wani abu."

Ta zauna riƙe da waya. Da amsar ta shigo, ga abin da ke ciki:

"To. Ki ce masa kada ya fesa wa injin agogon, zai yi tsatsa."

Auta ta karanta, ta juya wayar ko akwai saura a baya. Ana maganar za a raba su, shi tsatsa ce damuwarsa! Ta cika ta yi fam.

"Na gode. Ashe da gaske ba ka buƙatar kowa. Allah ya bar ka da tukwanen gas ɗinka."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ta kashe wayar. Washegari a aji wani ɗalibi ya tambaye ta ko akwai abin da ke sa argon ya haɗu da wani sinadari, ta ce da ƙyar da jiɓin goshi, a ɗakin bincike, cikin sanyin da ya wuce misali, kuma da an ɗan ɗumama shi sai ya sake. Yadda ta faɗa ya sa babu wanda ya ƙara ɗaga hannu.

Ranar Alhamis ta tashi da wuri don tana da jarrabawar da za ta tsare. Ta haɗa shayin Baba ta nufi ɗakinsa, ta tarar ƙofar ba a kulle ba. Kafin ta tura ta ji wani sauti da bai kamata a ji ba: ƙas, ƙas, ƙas.

Ta leƙa. Baba ne durƙushe gaban tebur, hannunsa har gwiwa cikin ledar ta wata tsaga, yana murɗa makulli. A gefensa ga reza, ga salatif. Lilon na kai da kawowa lafiya lau.

Ba ta san lokacin da ta ajiye kofin a ƙasa ba. Ta ja da baya a hankali, ta tsare jarrabawarta kamar mai ciwon haƙori, ana tashi ta wuce gidan adana kayan tarihi.

"Ka sani!" ta faɗa tun daga bakin ƙofa.

Malam Shiru ya miƙe. Idanunsa sun faɗa, da gani bai yi barcin kirki ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan farko. Na tarar da salatif, agogon kuma yana tafiya."

"Shi ne ka yi gum? Ana ce maka ba ka iya aiki ba, ana shirin miƙa ni ga mai hoton kyankyaso, kai kana can kana ɗura gas a leda mai huji? Wai kai wane irin mutum ne?"

"Baba ya tsaya a kaina yana kallon idona, Malamata. Ya san na gani. In ce masa me? In zo in ce miki babanki yana ɓoye miki abu? Na zaci idan na yi ta cikawa zai gaji ya bari."

"Baba? Ya gaji? Ba ka san shi ba! To saƙon tsatsa fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na rubuta wani dogo na goge. Na sake rubutawa na goge. Wannan ne kaɗai hannuna ya iya turawa."

"Me ke cikin dogon?"

Ya daɗe yana murza bakin rigar aikinsa. "Cewa na yi ina sonki. Kuma idan aka ba wani ke, ban san yadda zan ƙara shiga ɗakin nan in ga ƙofar da kika shigo ta ciki ba."

Auta ta so ta ci gaba da faɗa, don akwai saura da yawa, amma hawaye suka riga ta. Ta share ido da bayan hannu. "Ɗauko kayanka. Yau sai an yi magana a gidanmu, ko da ni kaɗai zan yi ta."

Suka tarar da Baba a ɗakinsa. Auta ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, na gan ka da safe."

Tsohon ya haɗe rai, ya buɗe baki zai musa, sai sautin agogon ya cika ɗakin. Ya rufe bakin.

"Me ya sa, Baba? Ƙwarin nan cinye shi za su yi ya ruguje. Kai ka ce a gyara, kai kuma kake yankawa, sannan ka ɗora wa bawan Allah laifi?"

Baba bai kalle ta ba, ya juya ga Malam Shiru. "Da yatsa ɗaya ka tsayar da shi. Ko tambayata ba ka yi ba."

Sannan ya juyo ga Auta, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ummanki ce ke murɗa shi, ba ni ba. Ranar da za a kai ta asibiti ta miƙo mini makullin nan ta ce, kada ka bari ya tsaya kafin in dawo. Wasa take yi, don ta san ina mantuwa da kayan gida. Na san ba za ta dawo ba, ba hauka nake ba. Amma bai taɓa tsayawa ba sai ranar da yaron nan ya shigo."

Auta ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Shekara da shekaru tana share ƙurar agogon nan, ba ta taɓa tambaya ba.

Malam Shiru ya matso ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Katakon na gani, ban ga mai shi ba. Da na tambaya da ba a kai nan ba." Ya haɗiye miyau, da gani maganar ta fi abin da ya saba yi a yini guda. "Ƙwarin ba sa cin ƙarfe. Gidan agogon kaɗai ke buƙatar argon. Idan ka yarda, in ciro injin in kafa shi a kan wani allo, ka ci gaba da murɗawa."

"Wurin cirowar ai zai tsaya."

"Ba zai tsaya ba. Idan aka cire lilon gudu zai yi. Kai za ka riƙe shi da hannunka."

Haka aka yi. Ya zare lilon, injin ya kama sauri, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar zuciyar wanda ya hau bene da gudu. Ya kwance kusoshi ya ɗago shi a hankali ya ɗora a tafukan Baba. Tsohon ya riƙe yana ta faɗa, "Yi sauri mana! Kai komai naka sanyi sanyi?" Da aka kafa shi a allo aka mayar da lilon, ya koma tafiyarsa ta da. Baba ya gyara masa lokaci da agogon hannunsa, ya juya baya yana goge tabarau fiye da yadda ya kamata.

Aka sa gidan katakon a sabuwar leda. Washegari ƙwaya ta zama ruwan hoda, ta kuma zauna a haka.

Ranar Asabar Mai Feshi ya iso da famfo a baya yana baza ƙamshin turare. Yana kai hannu ga ledar Baba ya daka masa tsawa.

"Kai! Kada ka taɓa! Ba a buɗewa. Ba ka san iska na shiga ba? Argon ɗin nan ya fi iska nauyi amma yana zurarewa. Yaran yanzu ba ku da haƙuri ko kaɗan."

Auta ta toshe baki ta ruga kicin. Mai Feshi ya yi 'yan kame-kame, ya ce yana da aiki a wata unguwa, tun daga nan ba a ƙara ganin motarsa a layin ba.

Da wa'adi ya cika aka yanke ledar. Malam Shiru ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin katakon, aka bar ta kwanaki, ko ƙwayar gari ba ta zubo ba. Ya mayar da injin cikin gidansa na katako, Baba ne ya riƙe shi kamar wancan karon. Yana tattara kaya tsohon ya ce, "To, kai ba ka da abin faɗa mini?"

Malam Shiru ya tsaya da tiyo a hannu. Auta na bayan labule tana cizon yatsa, ji take kamar ta ara masa baki.

"Baba... Auta nake so. Idan ka ba ni."

"Alhamdulillahi, ashe da harshe a bakinka. Ka turo manyanka, su dai Allah ya sa suna magana."

Da yamma saƙonta ya shiga wayarsa: "Malalacina, yau ka yi jimla biyu a jere. Ina alfahari da kai."

Ya amsa: "Saura na tara miki, amaryata. Kina da tsawon rai ki ji su."

An ɗaura aure cikin farin ciki, yayyenta duk sun zo da 'ya'yansu gidan ya cika. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta ya daɗe yana sa albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari da haƙuri da juna, ya ce ita ta rage faɗa, shi ya ƙara magana. Sannan ya sa aka fito da agogon, yana tafiya, aka sa a mota.

"Na Ummanki ne, gidanki ya kamata ya zauna."

Auta ta yi kuka har kwalliyarta ta ɓaci. Sai da suka isa sabon gidan, aka ɗora agogon bisa tebur a falo, ta duba ciki da waje ta rasa makullin.

Da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ango ya buɗe, sai ga Baba tsaye da hularsa, makulli a hannu.

"Baba!" in ji Auta daga ciki, ɗankwali a karkace. "Jiya fa aka kawo ni! Mota biyu ka hau ka zo nan?"

"Agogo na zo murɗawa, ba wurinki na zo ba." Ya wuce falo abinsa.

Ta juya ga mijinta tana zare ido. "Kai ba za ka ce komai ba? Kullum fa zai zo. Ka san kullum zai zo!"

"Na sani," in ji Malam Shiru. Ya buɗe kabad ya fito da kofuna uku. "Shi ya sa na kama gida mai ɗaki biyu. Idan ya gaji da hawa mota, sai mu ce masa agogon ne ke son ya kwana."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Daga falo Baba ya ɗaga murya yana tambaya ko a gidan nan ba a ba baƙo shayi. Ta goge ido, ta karɓi kofunan daga hannun mijinta, ta ce, "Ga shi nan zuwa, Baba. Zauna."

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidan da duk wanda ke cikinsa.